Tambaya: ta yaya DNA ɗin mutum yake tayar masa da ciwon gaɓɓai?

Ɗalibar_Likitanci:

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Tambayata a kan amosanin gaɓɓai ce, irin wanda ake kira rumatoyid, da kuma ciwon gaɓɓai na masu lufus, wato ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar sassan jikin mutum da kanta. An koyar da mu cewa garkuwar jiki ta farko, wadda ake haihuwar mutum da ita, tana da furotin masu jin DNA a cikin ƙwayar halitta, irin su cGAS da STING da TLR9, kuma aikinsu shi ne kama bairos. To amma ana cewa wannan hanya tana da hannu a kumburin gaɓɓai ko da babu wani bairos a jiki.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kowace ƙwayar halitta mai cibiya tana ɗauke da DNA da zai kai kusan mita 2 idan aka warware shi. Me ya sa ba kowa ne gaɓɓansa ke kumbura ba? Ta ina DNA ɗin ke fita har garkuwa ta gan shi? Shi ne mafarin ciwon, ko ƙara masa ƙarfi kawai yake yi? Sannan ga mara lafiyar da ke zaune a gaban likita a nan Kano, wannan ilimi ya canja wani abu a gwaji ko a magani? Allah ya ƙara wa malamai basira.

MalaminGarkuwa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayarki ta farko ita ce ginshiƙin komai, don haka daga nan zan fara.

cGAS ba ya karanta abin da ke rubuce a jikin DNA. Bai san na bairos ba, bai san naki ba. Abu biyu kawai yake dubawa: inda DNA ɗin yake, da tsawonsa. Kamar ɗan sintirin unguwa ne da ya ga mutum a lungu da ƙarfe biyun dare, zai busa usur tun kafin ya tambayi ɗan gidan waye. Mazaunin DNA wuri biyu ne, cibiyar ƙwaya da mitokondiriya, wato sashen da ke samar wa ƙwaya kuzari. Idan aka same shi a ruwan cikin ƙwaya, mai igiya biyu, tsawonsa ya kai haruffa 45 ko fiye, cGAS na mutum zai manne masa. Daga nan sai ya haɗa ATP da GTP ya ƙera ƙaramin sinadari mai suna cGAMP. Shi cGAMP sai ya kama STING, wanda ke zaune a jikin bangon ER, wani sashe na cikin ƙwaya da ake haɗa furotin. STING ya tashi ya koma Golgi, sashen da ke rarraba furotin a cikin ƙwaya, ya jawo furotin TBK1, hanya ta rabu biyu. Reshe ɗaya ta IRF3 yake bi, ya haifar da intaferon nau'i na ɗaya, sinadarin da ƙwaya ke saki don yaƙar bairos. Reshe na biyu ta NF-kB yake bi, ya haifar da TNF da IL-6, sinadarai masu jawo kumburi. Ki riƙe reshe na biyun da kyau, domin shi ne ya fi shafar gaɓɓai. Glen Barber da abokan aikinsa a Miami ne suka bayyana STING a 2008, sannan ɗakin binciken Zhijian Chen a Dallas ya gano cGAS a ƙarshen 2012.

Dalilin da ba kowa ke kumbura ba kuwa, jiki ya yi tanadi hawa-hawa. Akwai cGAS a cikin cibiya, amma a ɗaure yake a jikin histon H2A da H2B, furotin da DNA ke naɗe a kansu, ba ya iya taɓa DNA ɗin da ke gefensa. An nuna siffar wannan ɗauri a 2020. A ruwan cikin ƙwaya akwai enzayim TREX1 mai cinye duk guntun DNA da ya ɓalle. A cikin laisozom, jakar narkar da abinci ta makrofaj, wato ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye tarkace, akwai DNase II, enzayim mai narkar da DNA a wuri mai tsami. A cikin jini akwai DNase I da DNASE1L3. Ko cGAMP ya fita waje, ENPP1 zai farfasa shi.

Ki dubi girman aikin DNase II. Ɓargon mutum yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini kusan miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kuma kowace ɗaya sai ta tofar da cibiyarta kafin ta shiga jini. Makrofaj na ɓargo ne ke haɗiye waɗannan cibiyoyi ya narkar. Shigekazu Nagata da mutanensa a Japan suka cire ƙwayar gadon DNase II a ɓeraye. 'Ya'yan suka mutu tun a ciki saboda ƙarancin jini, kuma abin da ya kashe su intaferon ne da makrofaj masu cike da DNA suka riƙa zubarwa. Da aka ƙara cire musu makarɓin intaferon, sai aka haife su da rai. Amma suna girma sai yatsu da wuyan ƙafafunsu suka kumbura, tantanin cikin gaɓa ya yi kauri, guringuntsi da ƙashi suka ciwu, jininsu ya nuna RF da anti-CCP, antibodin da ake gani a jinin mai rumatoyid. A 2006 aka wallafa wannan. Abin lura biyu ne a nan. Na farko, waɗannan ɓeraye ba sa jin intaferon sam, ke nan ba intaferon ne ya cinye gaɓɓansu ba, TNF da IL-6 da IL-1 ne, kuma maganin toshe TNF ya hana ciwon. Na biyu, tun kafin gaɓa ta kumbura an ga TNF ya ƙaru a ɓargo da jini. Matsalar daga nesa ta taso, gaɓa ce ta kwashi wahalar. Daga baya aka nuna cewa ko babu ƙwayoyin T da B, fararen ƙwayoyin jini na garkuwar da jiki ke koya daga baya, ciwon yana zuwa. A 2012 aka cire STING, ɓerayen suka rayu ba ciwon gaɓɓai. A 2015 aka cire cGAS, aka ga haka nan. A shekarar dai aka nuna cewa AIM2, wanda shi ma yake jin DNA amma IL-1 yake saki ta hanyar kasfes 1, yana ƙara kumburin, su kuma TLR na cikin endozom, jakar da ƙwaya ke zuba abin da ta haɗiya, su ne ke tura yin antibodi a kan jikin ɓeran kansa.

Ta ina yake fita a gaɓar mutum? Mitokondiriya ce babbar kafa. DNA ɗinta zagayayye ne mai haruffa 16,569, ba shi da histon da zai rufe shi, kuma ya yi kama da na bakteriya. An same shi a ruwan gaɓar masu rumatoyid tun farkon shekarun 2000, kuma masu bincike a Suwidin sun yi wa ɓeraye allurarsa a gwiwa, gwiwar ta kumbura. A 2021 aka nuna cewa idan TNF ya daɗe yana dukan ƙwaya, yana hana ta kwashe mitokondiriyar da ta lalace, DNA ɗinta ya tsiyaye, cGAS ya tashi. Kin ga zagayen ke nan: TNF ya fitar da DNA, DNA ya ƙaro kumburi. Kafa ta biyu nutrofil ne, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke cika ruwan gaɓar da ta kumbura. Suna fesar da DNA ɗinsu kamar raga, kuma a jikin ragar akwai furotin da enzayim PAD4 ya sauya, irin waɗanda anti-CCP ke kamawa. Kafa ta uku guntayen kuromosom ne da ke ɓallewa lokacin rabuwar ƙwaya, su zauna cikin ƙaramar cibiya mai raunin bango, bangon ya fashe. Kuma DNA da iskar oksijin ta lalata yana yi wa TREX1 wuyar ci, don haka ya fi daɗewa a wurin.

LikitarGaɓɓai:

Malam ya shimfiɗa hanyar yadda take. Inda nake so ɗalibarmu ta yi hattara shi ne tambayarta ta uku, domin amsar ba ɗaya ba ce ga kowane ciwo.

Akwai cututtukan da DNA ɗin jiki ko STING shi ne mafarinsu, babu tantama, amma ba su da yawa kuma na gado ne. A 2014 aka bayyana ciwon da ake kira SAVI, inda STING ke kunne kullum ko babu cGAMP. Jariri ne za ki gani da gyambo a yatsu da hanci da kunne, wanda sanyi ke tsanantawa, ga ciwon huhu, wasu har da kumburin gaɓɓai. A 2015 aka bayyana ciwon COPA: yaro da ciwon gaɓɓai da tari da ƙarancin numfashi, wani lokaci har da jini a huhu da ciwon ƙoda. Sai a 2020 aka gane cewa furotin COPA ne ke mayar da STING daga Golgi zuwa mazauninsa, idan ya lalace STING ya maƙale a can yana ta aiki. A 2017 aka samu yara marasa DNase II mai aiki, da ƙarancin jini tun haihuwa, ciwon hanta da ƙoda, da gaɓɓai masu lanƙwashewa. A Saudiyya kuma aka samu iyalai da DNASE1L3 ɗinsu ya lalace, yaransu na kamuwa da lufus tun suna ƙanana. Wannan ya shafe mu, domin ƙarancin DNase II da na DNASE1L3 sai yaro ya gada ta uwa da uba sannan yake bayyana, kuma auren zumunci ya yawaita a cikinmu. Yaro ƙasa da shekara 5 mai kumburin gaɓɓai tare da ciwon huhu, ko wanda aka taɓa ganin irin haka a ɗan'uwansa, ba yaron da za a yi ta ba maganin sanyi ba ne.

Amma rumatoyid na manya, wanda muke gani kullum, ba haka ya faro ba. Mafarinsa ya fi alaƙa da gadon wasu nau'o'in ƙwayar gadon garkuwa HLA-DRB1, da shan taba, da ciwon dasashi, kuma anti-CCP kan bayyana a jini shekaru kafin yatsa ɗaya ya kumbura. Mata sun ninka maza biyu zuwa uku. A nan ni a ganina cGAS mai ƙara wa ciwo ƙarfi ne da hana shi lafawa, ba mai fara shi ba. Kuma sakamakon ɓeraye ma bai tafi layi ɗaya ba. A wani gwajin da ake tayar da ciwon da kolajin, cire STING bai kare ɓerayen ba, sai ma ƙwayoyin B suka ƙara ƙarfi. Intaferon beta kuma yana hana ƙwayoyin da ke cin ƙashi girma, abin da aka sani tun 2002, don haka toshe STING gaba ɗaya zai iya rage kumburi ya kuma bar ƙashi a buɗe. Lufus ne ciwon da hujjar DNA da intaferon ta fi ƙarfi a kansa, shi ya sa maganin toshe makarɓin intaferon, anifrolumab, ya samu amincewa a Amurka a 2021 domin lufus, ba domin rumatoyid ba.

A ɗakin duba mara lafiya kuwa, babu gwajin STING. Abin da ke ceton gaɓa shi ne gane ciwon da wuri. Mace ce za ta ce da asuba ba ta iya riƙe buta, yatsun sun sandare, sai hantsi ya dubi ludayi suke sakewa. Ki tambayi tsawon sandarewar: fiye da minti 30, sau da yawa fiye da awa guda. Ki kama hannunta ki matse gaɓɓan tushen yatsu huɗun a haɗe, a hankali. Idan ta janye hannu don zafi, alama ce. Ki taɓa gaɓar tsakiyar yatsa da wuyan hannu, kumburin rumatoyid taushi gare shi, na zaizayar guringuntsi kuwa tauri ne kuma ya fi kama gaɓar kusa da farce. Hannu biyu, mako 6 ko fiye. Ma'aunin tantance rumatoyid na 2010 yana haɗa yawan gaɓɓai, RF da anti-CCP, awon kumburi a jini na ESR ko CRP, da tsawon lokaci, maki 6 cikin 10 ya isa. Kafin nan ki kore abin da ya fi yawa a nan: sikila, gaɓar da ƙwayar cuta ta shiga, tarin fuka na gaɓa, da gawut, wato ciwon taruwar yurik asid a gaɓa. Gaɓa ɗaya mai zafi da zazzaɓi, a zuƙi ruwanta a ranar, ba a jira.

Abin da ke ɓata mana aiki shi ne kalmar sanyi. Duk ciwon gaɓa sanyi ne a bakin jama'a, sai a shekara ana shan jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin kemis, a iso Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala yatsu sun riga sun karkace. Ƙashi yana fara ciwuwa tun cikin shekara biyun farko, kuma wanda ya ciwu ba ya dawowa. Watanni 3 na farko su ne damar da ta fi kowace.

Ɗalibar_Likitanci:

Na gode Malam, na gode Dakta, Allah ya saka da alheri. Idan na fahimta, a ɓeran Nagata da cututtukan gado shi ne mafari, a rumatoyid na manya kuma mai rura ciwon ne. To cikin magungunan da ake bayarwa yanzu, akwai wanda ke taɓa wannan hanya? Kuma gwajin anti-dsDNA ba shi ne ke auna wannan abu ba?

MaiHarhaɗaMagani_Fagge:

Zan ɗauki ɓangaren magani, 'yar'uwa. Babu maganin toshe cGAS ko STING kai tsaye da za ki saya a kasuwa domin ciwon gaɓɓai. H-151 da C-176, waɗanda ɗakin binciken Andrea Ablasser a Suwizalan ya fitar a 2018, kayan bincike ne. Suna manne wa STING a sistin na 91 su hana shi taruwa a Golgi. Duk wanda ya ce yana da maganin wanke DNA, kuɗin mutane yake nema.

Biyu daga cikin magungunan da muke da su suna taɓa hanyar ta gefe. Haidroksiklorokwin yana taruwa a endozom, ya rage tsaminsa, ya kuma manne wa DNA ɗin, sai TLR9 da TLR7 su kasa aiki yadda suka saba. A gwajin ɗakin bincike yana hana cGAS kama DNA ma. Adadinsa kada ya wuce miligiram 5 a kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 60 ke nan miligiram 300, ƙwayar kuma 200 ce, don haka ana iya yin ɗaya yau biyu gobe. Sai ya yi wata 2 zuwa 3 kafin a ga aikinsa, kuma a nan ne mutane ke ajiye shi su ce ba ya yi. A duba ƙwayar ido a farko, sannan duk shekara bayan shekara 5, ko tun kafin nan ga mai ciwon ƙoda. Mai juna biyu tana iya shansa, kuma mai lufus ba ta daina shi don ta samu ciki.

Na biyu su ne masu toshe enzayim JAK, tofasitinib da barisitinib. Ba STING suke toshewa ba, saƙon da intaferon da IL-6 ke aikawa bayan sun kama makarɓinsu suke yankewa, shi ya sa ake gwada su ga yara masu SAVI da COPA. Tofasitinib miligiram 5 sau biyu a rana ne, Amurka ta amince da shi a 2012. A 2021 aka ƙara musu gargaɗi a kan gudan jini da ciwon zuciya da daji, musamman ga manya masu shan taba. Suna kuma tayar da bairos ɗin ƙarambau da ya kwanta a jijiya, ya fito da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe guda na jiki. A garinmu, kafin a fara su ko maganin toshe TNF, dole a yi hoton ƙirji da gwajin tarin fuka da na ciwon hanta nau'in B, domin duka biyun suna kwance a jikin mutane da yawa kuma suna tashi idan garkuwa ta sauka.

Ginshiƙin maganin rumatoyid har yau metotrekset ne, kuma a kansa ake yin kuskuren da ke kisa. Sau ɗaya a mako ake sha, ba kullum ba. Ana farawa da miligiram 10 zuwa 15, a haura har 25. Ƙwayar 2.5 ce, ke nan miligiram 15 ƙwaya 6 ne a rana guda. A rubuta sunan ranar a jikin ambulan ɗin da manyan baƙi, a faɗa wa mara lafiya da wanda ya rako shi. Folik asid miligiram 5 a wata ranar dabam. Wanda ya sha kullum, cikin mako ɗaya ko biyu bakinsa zai yi gyambo, ɓargo ya tsaya. Haɗa shi da Septrin ma haka yake yi, kuma Septrin a kowane kemis ana miƙa shi. Awon jini da hanta da ƙoda duk mako 2 zuwa 4 a watanni 3 na farko, daga baya duk wata 2 zuwa 3. Mace mai neman haihuwa ta tsayar da shi wata 3 kafin ɗaukar ciki, da sanin likitanta.

Firedinisolon gada ce kafin waɗannan su kama, a ƙaramin adadi, na ɗan lokaci. Masu shan deksametazon watanni ba takarda suna zuwa da kumburarriyar fuska da sukari da hawan jini, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake saukewa.

ƊanLab_Gwale:

Saura gwajin da kika tambaya, Malama. Anti-dsDNA ba ya auna cGAS. Antibodi yake aunawa, wanda ƙwayoyin B suka yi a kan DNA, kuma alamar lufus ce, ba ta rumatoyid ba. Alaƙarsu ita ce idan antibodin ya kama DNA, dunƙulen yana shiga endozom ya tayar da TLR9, intaferon ya ƙaru. Ana fara gwajin ANA tukuna, mai neman antibodi a kan cibiyar ƙwaya. A gwajin anti-dsDNA, hanyar ELISA ta fi kama masu ciwon, amma tana ba da tabbacin ƙarya a ƙananan lambobi, shi ya sa ake tabbatarwa da gwajin Crithidia. Idan ya fito, a haɗa da awon furotin garkuwa C3 da C4 a jini da awon furotin a fitsari, domin ƙoda ce abin tsoro.

Masu bincike suna auna wannan hanya ta fuska biyu, kuma kowace tana da tarko a wurinmu. Ta farko DNA ɗin da ke yawo a jini. Idan jini ya zauna a kwalba, fararen ƙwayoyi suna fashewa su zuba nasu DNA ɗin, lambar ta haura ba gaira ba dalili, zafin Kano kuma yana gaggauta hakan. Kwalbar EDTA ake amfani da ita, a juya jinin a injin ware ruwan jini cikin awa 2, sau biyu: minti 10 a 1,600 g, a kwashi ruwan saman ba tare da taɓa farin layin tsakiya ba, sannan minti 10 a 16,000 g. Jinin da aka bari ya yi guda ba ya yi. Ta biyu sawun intaferon, inda ake auna ƙwayoyin gado 6 da PCR: IFI27, IFI44L, IFIT1, ISG15, RSAD2 da SIGLEC1. Mura ma tana ɗaga su. DNA ɗin ƙwayar maleriya yana tayar da cGAS, na tarin fuka ma haka, don haka duk wanda zai yi wannan bincike a Kano sai ya gwada maleriya a kowane samfuri ya kuma rubuta lokacin da aka ɗiba, damina ko rani.

Gwaje-gwajen yau da kullum ma ƙasarmu tana karkatar da su. RF yana fitowa a ciwon hanta da tarin fuka da maleriyar da ta daɗe da kuma tsufa, shi ya sa anti-CCP, wanda ingancinsa wajen ware rumatoyid ya kai kusan kashi 95 cikin 100, ya cancanci kuɗinsa. Ƙarancin jini yana ɗaga ESR, sikila kuma tana saukar da shi, don haka ga mai sikila CRP za a nema. Tun 1968 Brian Greenwood, daga aikinsa a Ibadan, ya kawo ra'ayin cewa maleriya na iya zama dalilin da ba a cika ganin cututtukan garkuwa a 'yan Najeriya ba. Yanzu da likitocin gaɓɓai suka ƙaru ana ganin su sosai. Ga mai neman abin bincike a Jami'ar Bayero, auna sawun intaferon a masu rumatoyid da lufus kafin maganin maleriya da kuma mako 4 bayansa aiki ne da injin PCR ɗaya da firiza mai tsayayyiyar wuta za su iya ɗauka.